Maɓallan Saje Guda Bakwai

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, Allah ne shaidata. A shekarun alif ɗari tara da sittin da 'yan kai, ina da ɗan shagon gyaran rediyo a Mansur, cikin Makka, sai na sayo wata tsohuwar na'urar sojoji wurin masu gwangwan a Jidda, irin wadda suke laluben nakiya da ita, na yi ta fama har ta tashi. In an watse daga aikin Hajji sai in saɓe ta in nufi Muzdalifa, in ta ji ƙarfe ta yi min ƙara a kunne, ni kuma in tona. Zobba, makullai, da maɓallan sojan Turkawa na dā masu wata da tauraro. Kun dai san tsintuwar ƙasar Harami ba ta ciyuwa, sai cigiya, don haka a teburin shago nake baje su.

Maɓallin farko da na samu da hannuna na kashe shi. Na jiƙa a lemon tsami na dirje da toka, wai ni mai tsafta, ya fito sumul ba zane ko ɗaya. Daga nan na yi hankali, sai aswaki da ɗigon man zaitun, a bi shi sannu, a naɗe kowanne a ƙyallensa.

To, gefen shagona akwai Inna Gambo mai kunu. Ita da mijinta Saje Manu, tsohon sojan zamanin Turawa, a ƙasa suka tako ta Chadi da Sudan, a Hajjinsu na farko kuma ya ɓace a Muzdalifa. Shekara takwas ba shi ba labarinsa. Ɗansu na Kano ya gaji da aiko wasiƙa ta dawo gida, ta ce ba inda za ta, takaba ma ta ƙi yi, tunda ba wanda ya nuna mata gawa.

Wata rana ina goge wani maɓalli ya fito da zanen itacen kwakwa, ba wata ba tauraro. Inna ta kawo min kunu, tana ganinsa kofin ya kusa suɓuce mata.

"Ɗan nan, juya min bayansa."

Na juya, sai ga zane uku, an karta da ƙusa. Ta ce na Saje ne, daga rigarsa ta soja ya yanke su guda bakwai, ya karta wa kowanne zanensa daga ɗaya zuwa bakwai, ya zuba a ɗamarar haraminsa, da su yake ƙirga ɗawafi don lissafi yana kufce masa.

"Guda ɗaya faɗuwa yake yi," in ji ta. "Amma in ka kawo min bakwai, halas, shi ke nan, na yarda. Saje ba zai rabu da su duka ba yana numfashi."

Wallahi tausayinta ya kama ni, ni kuwa dama mutum ne mai kafiya, mahaifiyata ma ta shaida. Na rufe shago na koma inda na tsince shi, na ja layi da sanda na raba wurin gida-gida kamar dara, kullum in bi gida biyu. Kwana goma sha tara ina wannan, masu rediyo suna zagina, abokai suna cewa na'urar ta taɓa min ƙwaƙwalwa. Na haɗa shida, mai zane bakwai ya ƙi fitowa, sannan batir ya mutu.

Ranar nan da tsakar rana ne, cikin watan Safar, ba kowa a filin sai ni. Ina zaune na rasa abin yi, sai na ji sallama da Hausa. Wani dattijo ne dogo, da tsage a kumatu, sanye da harami. Ku kula fa, mai Umra ba ya zuwa Muzdalifa, Hajji kuma ya wuce da wata biyu, amma a lokacin ko a jikina.

"Yaro, nawa ka samu?"

"Shida, Baba."

"Ai ɗawafi ba ya cika da shida. Duba gindin dutsen can."

Na ce masa na bi wurin sau uku na'ura ba ta ce komai ba. Ya ce in dai duba. Na je na sa hannu kawai, ko taƙi ɗaya ban tona ba, sai ga shi, kore shar da tsatsa. Na waiwayo in yi godiya, babu kowa. Fili ne fetal, ba inda mutum zai ɓuya, ga sawuna a rairayi, nasa babu. Innalillahi! Da ƙyar na kai bakin hanya.

Na goge shi da aswaki a gaban Inna, zane bakwai suka fito. Sai ta tambaye ni.

"Wa ya nuna maka?"

Na kwatanta mata shi. Ta tambaya ko yana ɗan jan ƙafar hagu. Na rantse muku, sai a lokacin na tuna yana ja.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko rigar sojan daga akwati ta ɗinke maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ya cika ɗawafinsa." A ranar ta shiga takaba, tana fita kuma ta bi jirgin ruwa zuwa gida.

Har yau ban san wa na gani ba, kuma in na tuna tsigar jikina tashi take. Ni dai shawarata, in kun tsinci tsohon maɓalli kada ku dirje shi, ku juya bayansa ku duba, sannan ku yi cigiya. Wataƙila akwai mai jiransa shekara takwas.