Rigar da Na Yanke wa Baya a Medellín

Yorladys Cuenú 'yar ƙanena ce, Goggo take ce mini, kuma shagon ɗinkina a jikin gidansu yake a unguwar Aguablanca, nan birnin Cali. A cike ta zo duniya, a cike ta tashi, ga ta da son a kalle ta. In aka kunna kiɗan salsa a layinmu ranar Lahadi, ramammun 'yan mata sukan ja gefe su ba ta fili, don duk girmanta ƙafarta ba ta da nauyi.

Ranar da ta cika sha biyar aka yi mata biki, uwarta ta ba ta irin kyautar da iyayenmu suka ba mu: faja, ɗamarar robar nan mai ƙugiyoyi da ke matse mace daga ƙarƙashin ƙirji har cinya. Mu biyu muka taru muka ɗaura mata, tana nishi muna dariya. Ni kaina da tawa nake zuwa coci, da ita nake zuwa sayen kifi. Mu nan mace takan manta ma tana jikinta.

Da ta gama sakandare ta samu aikin ninke kaya a wani kamfanin ɗinka wanduna. Wata rana matar da ake gwada manyan wanduna a jikinta ba ta zo ba, aka ce Yorladys ta sa. Ta sa kuwa, ta tako daga bakin ƙofa har teburin manaja tana yauƙi, masu keke duk suka tsayar da ɗinki. Daga nan hotonta ya shiga littafin tallan da mata ke yawo da shi gida-gida. Sai tallan rigar wanka, sai allon bakin titi. Ranar da muka gan ta a jikin bas, ni da uwarta muka bi bas ɗin a guje da tsufanmu har tasha ta gaba. Masu baƙin ciki ma ba a rasa ba. Wani mai ɗaukar hoto ya taɓa ce mata fuska ta yi, saura jiki. Ta ce masa albarkacin jikin ya samu aikin yau, ya gyara fitilarsa su ci gaba.

Shekara tara tana wannan aiki, amma duk a hoto. Burinta a hawar da ita dandamali ta taka a gaban jama'a, ba a taɓa yi ba. Tana da ashirin da tara wata mai zana tufafi, Marlén Ocoró, ta kira ta babban bikin nuna kaya a Medellín, ta ce ita ce ma za ta fito a ƙarshe. Ranar unguwarmu ba wanda bai ji ba. Yorladys ta ce sharaɗinta ɗaya, Goggo ce za ta ɗinka rigar. Aka aiko da zane da yadi, jar saƙar hannu da mata uku suka yi wata biyu a kai, babu ko ƙyalle na ƙari. Na auna ta, na yanka, na yi sati biyu ina ɗinki. Ta gwada, riga ta zauna ɗas.

Saura awa ɗaya da rabi a fara, muna bayan dandamali, Marlén ta zagayo duba 'yan matanta. Ta dafa kugun Yorladys, ta ji tauri. Ta ce a dandamalinta ba a sa faja, dalilin kiran ke nan ma, so take a ga mace yadda take. Aka cire. Na ja zif, ya hau rabi ya cije. Tsakanin baki da baki yatsa shida.

Sai a lokacin abin ya faɗo mini: da faja na auna ta, da faja ta gwada. Shekara arba'in ina ɗinki ban taɓa ce wa mace ta cire ba, ba kuma wadda ta taɓa tunanin cirewa. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Marlén ta duba agogo ta ce in rigar ba ta rufu ba, wata ce za ta fito a ƙarshe da wata riga, ta wuce abinta.

Na ja Yorladys lungu.

"Mayar da fajar, 'yar nan. Matar ta yi gaba, wa zai sake laluba ki?"

"Goggo, shekara sha huɗu ban cika ƙirjina da iska a gaban mutane ba. Rigar za ki yi wa dabara, ni kam an gama yi mini."

Na farke gefe da gefe, rarar yadin da na bari a ciki ta ba ni yatsa biyu. Saura huɗu, kuma hanya ɗaya ce: in cire zif, in yanke bayan rigar har kugu, in yi igiyar wuya da abin da na yanke. Na faɗa mata gaskiya, bayanta duka zai fito, da ninkinsa, da jan sawun da ƙugiyoyi suka bari.

"Yanka, Goggo."

Na sa almakashi a saƙar mutane. A tsaye na ɗinke bakin, a jikinta, ina soke yatsuna. Da Marlén ta dawo ta riƙe kai. Ta zagaya ta sau biyu, sannan ta gyara ƙullin igiyar da hannunta, ta tura ta layi.

Ƙarfe huɗu na yamma ta fita, ni ina leƙe ta gefen labule. Irin takun nan nata ne na ranar Lahadi, ba gaggawa. Da ta kai ƙarshe ta juya, zauren ya yi tsit. Sai wata mata a layin gaba ta miƙe tana tafi, ta kusa da ita ma ta miƙe, kafin ka ce me wurin ya kaure. Yarinyar nan maimakon ta yi sauri ta ɓuya, sai ta ƙara rage tafiya don kowa ya kalla ya ƙoshi. Na yi kukan daɗi da allura a bakina.

Tun kafin mu hau motar komawa gida ake kiranta aiki, daga Bogotá har São Paulo. Ranar Litinin da hantsi ta shigo shagona da ledar pandebono, burodin nan namu mai cuku, da zafinsa, ta ajiye a kan keke, ta tsaya tsakiyar ɗaki ba faja a ƙarƙashin rigarta, ta ɗaga hannuwa.

"Goggo, auna ni."

Na zagaya mata tef, na duba lambar sau biyu. Sai ranar na san awon kugun 'yar ƙanena.