Ƙwayar Mako da Na Mayar ta Kullum

Lokacin da abin nan ya faru ni ɗan kabu-kabu ne a Bagudo, ina jigilar mutane da kaya zuwa bakin iyakar Benin. Ina jin kaina wayayye don na iya ciniki a kasuwannin ƙetare. Matata kuwa ta yi shekara biyu tana fama da wata cutar fata. Gwiwar hannunta da ƙeya da gadon baya duk sun yi jan tabo mai farin ɓawo kamar na kifi. Matan gidanmu suka ware mata kwano, wasu na raɗa wai kuturta ce. Mace mai dariya har ƙofar gida ana jiyo ta, ta koma ko suna ba ta zuwa.

Da na kai ta asibiti, likita ya ce ba kuturta ba ce, sunanta soriyasis, kuma ba a ɗaukarta. Ya rubuta wata ƙwaya, ya ja mini kunne cewa sau ɗaya tak ake sha a mako, mu kuma riƙa dawowa gwajin jini, domin maganin kan taɓa ɓargon ƙashi, inda jiki ke yin jini. Na ce to, a raina ina cewa me ya haɗa fata da ɓargo.

Fatar ta fara laushi, sai ga bikin ƙanwarta ya matso. Ta ce mini da ma ta warke sarai, ta sa lalle cikin 'yan uwanta ba tare da ta ɓoye hannu ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Na ga irin ƙwayar a kasuwar ƙetare, na sayo, na ce in ɗaya a mako ta yi wannan aiki, ina ga kullum? Ta tambaye ni ko likita ya yarda, na ce mata ya yarda. Gwajin jini kuma na ɗage sai bayan biki. Ba a daɗe ba bakinta ya yi gyambo, dasashi na zubar da jini, zazzaɓi ya ƙi sauka. Da muka koma, likitan ya ce ɓargon ya daina yin jini. An ɗebi jinina an ƙara mata, amma ta rasu saura kwana uku biki.

Ina kewarta ƙwarai. Da za a dawo mini da ita da ɓawon nan duka, wallahi a kwano ɗaya za mu ci har tsufa. Na gane ƙauna ba ta mayar da mutum likita. 'Yan uwa, maganin da aka ce mako-mako a bar shi mako-mako, kuma kada a raina gwajin jini don cutar a fata take. Abin da ya fi ci mini rai, a gadon asibiti na ji tana roƙon mahaifiyarta kada kowa ya ga laifina, wai ni umarnin likita kawai na bi.