Maƙoƙon da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Hijabi

A wancan lokacin ina koyarwa a Islamiyyar matan aure a Kubwa, kuma ba yabon kai ba, murya ce jarina. In na ja karatu, har maƙwabta kan bar wanki su leƙo ta taga. Ana cikin haka sai wani ɗan kumburi ya fito mini a wuya. Na san maƙoƙo ne, amma wata ɗalibata ta taɓa ba ni labarin gwaggonta da aka yi wa aikin wuya, muryarta ta tafi har abada. Tsoro ya kama ni, na ja hijabi na rufe. Da maigidana ya yi magana, na ce masa ƙiba ce, jin daɗin Abuja. Ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin ƙibar da ta zaɓi wuya kaɗai ba, mu je asibiti. Na ƙi, na koma shafa wani haɗin toka da man shanu da na saya a Dei-Dei, ina ta wari kamar kwatarniyar fura.

Abin ya ci gaba da girma har ya fara danne mini numfashi. Ranar walimar saukar ɗalibaina, a gaban mazajensu da iyayensu, na ɗauko aya mai tsawo, numfashi ya yanke a tsakiya. Na sake ɗauka, ya sake yankewa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Washegari ni da kaina na ce wa maigida ya kai ni asibiti, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita bai yi mini ƙarya ba, ya ce sai an yi aiki, ana iya samun matsalar murya, amma ba kasafai ba, barin maƙoƙon kuwa ya fi haɗari. Aka yi aikin, na yi makonni da dasasshiyar murya, yarana suna kwaikwayona. Sannu a hankali ta dawo tangaran.

Yau alhamdu lillahi ina cikin ajina, ƙwaya ɗaya nake sha kowace safiya, ina barci ba shaƙewa. 'Yan'uwana mata, duk wadda ta ji kumburi a jikinta, kada ta bari labarin gwaggon wata ya zame mata likita. Muryar da nake ta karewa daga wuƙa, ashe ciwon ne yake cinye mini ita.