Farar Jijiya a Rijiyar Kawu

Ni dai zama wuri ɗaya ba ya karɓata. Na bar elementare a Tudun Wada, na taɓa ɗinki, na taɓa dako, duk na watsar. Lokacin Turawa suna nan, ana ta maganar mulkin kai. Daga ƙarshe na bi wani dattijo mai haƙar rijiya, muna ce masa Baba.

Da rani kawuna ya kira mu ƙauyenmu, can gindin duwatsun Doguwa, mu haƙa masa rijiya. Ya ce in rijiyar nan ba ta yi ruwa ba, zai kwashe iyalinsa ya bar gonar kakanmu, don matan gidan sun gaji da tafiya rafi. Abin haushi, ga ta maƙwabcinsa nan gabas da mu, jifa ɗaya, ba ta taɓa ƙafewa ba.

Muka wuce jar ƙasa, muka wuce marmara, muka tarar da dutse mai yashi-yashi, irin wanda Baba ke cewa yana shan ruwa kamar soso. Amma ramin ƙayau. Har muka zarce zurfin ta maƙwabci, ko laima babu.

Baba ya leƙo daga sama. "Fito, ɗan nan. Gobe mu binne ta."

Ni kuwa tun safe idona na kan wata farar jijiya a bangon gabas, siririya, ta sauko a karkace. Dagi na cin dutsen ko'ina, amma in ya sauka kanta sai ya yi tsalle. Layukan dutsen ma sun goce a wurin, na wancan gefe sun ɗara na wannan tashi sama. Na ce a raina, ƙasar nan ta taɓa motsawa, ta niƙe yashin har ya toshe hanyar ruwa. Na manna kumatuna a kai. Sanyi!

"Baba, ruwan yana bayan jijiyar nan. Ita ta tare shi."

"Iye! Kai da keken ɗinki ya gagara, yau dutse ke maka magana? Ƙasa ake haƙa rijiya, ba gefe ba. In ta rufta da kai me zan ce wa gyatumarka?"

"Ka ce mata yau dai na zauna wuri ɗaya."

Na ji dariyarsa ta gangaro. Ya sa na ɗaura igiya a ƙugu, ya riƙe da kansa. Na yi bismilla na dinga sara. Hannuna ya fashe kafin jijiyar ta tsage. Sai dutsen ya yi duhu, ya fara zufa, can ruwa ya tsirto mini a ƙirji. Na ƙwala ihu har Baba ya zaci rufta ta yi, ya fizgo ni da ƙarfi.

Kawu ya tsuguna a bakin ramin, ya daɗe yana sauraron ƙarar ruwan. Da ya miƙe, bai ce mini sannu ba. Ya dai juya ya ce wa matarsa, "A kai wa mata albishir cikin gida, ba inda za mu." Ni kuwa ina tsaye, taɓo har haƙorana, na ƙi wankewa sai da mutanen ƙauyen suka gama zuwa kallo.