Ranar da na mayar da mijina ƙasan rijiya

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ranar da na mayar da mijina ƙasan rijiya da hannuna ba za ta fita ba. Har yau in na ji igiya tana goga itace, sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Ƙauyenmu yana gefen Deule, kuma rijiya ɗaya gare mu, mai zurfin da in ka leƙa ruwan bai fi faifai ba. A bazarar shekarar wata akuya ta faɗa ciki ba wanda ya sani, sai da ruwa ya fara wari, yara suka fara gudawa. Dole a yashe ta. Maigidana shi ne mai shiga rijiya a garin, ya gada wurin mahaifinsa. Ni kuma nake kora sa, wato bijimin da ke jan igiyarsa, don san ba ya jin maganar kowa sai tawa.

A lokacin ƙanin mijina bai daɗe da dawowa daga ci-rani ba. Ya yi shekaru a jirgin kamun kifi can bakin teku a Gana, ya dawo da baƙin tabarau da Turanci, ya hana kowa sakat. Igiya ta sarƙe, ya ce "tangul". Injin niƙa ya cije, ya ce "jam". Akwai wadda ya fi so, wai ita ta haɗe su duka, da sarƙewa da cijewa da gurɓacewa: "fawul". Abokin wasana ne, ban taɓa raga masa ba.

"Baturen Deule," nakan ce masa, "mu da ko Faransancin makarantar lakol bai zamna muna ba, mi za mu yi da naka? In tuwo ya yi gudaji, shi ma fawul na?"

"Matata, ke dai ba ki ga teku ba," yakan ce, yana gyara tabarau.

Akwai wata al'ada a wurinmu. In mutum ya shiga rijiya, duk matar da gugan gidanta ya taɓa tsinkewa ya faɗa ciki sai ta zura igiyarta ta ce a ɗauro mata. Ba a ganin laifin haka, rowa ma ake ɗauka in mai shiga ya ƙi. To ranar, da hantsi, bayan igiyar maigidana da ta wasaki, babban gugan fatar da za a ɗauko mushen akuyar a ciki, mata suka kewaye bakin rijiya kowacce da tata igiyar. Sai surutu suke: nawa baƙi ne, nawa mai faci ne. Ni dai tun safe hankalina bai kwanta ba. Warin da ke tasowa ya yi yawa, na kasa tsayuwa wuri ɗaya.

Can sai muryar maigidana ta taso daga ƙasan rijiya, siririya: "Ku hid da ni! Iskan nan ba shi da kyau!"

Na kora bijimin da gudu. Jin haka kowa ya ruɗe. Maza suka hau jan wasaki, mata kowacce ta hau jan tata igiyar, wannan ta gabas, wannan ta yamma. Ban yi nisa ba sai san ya tsaya cak. Igiya ta miƙe kamar ƙarfe, itacen bakin rijiya yana kuka. Na yi masa magana, bai motsa ba. Na ɗaga sanda na hau dukansa, san da ban taɓa ɗora wa ko tsinke ba. Yana yunƙurawa, ƙafafunsa suna nitsewa cikin rairayi, amma igiya ta ƙi zuwa.

Ƙanin mijina ya kwanta rub da ciki a bakin rijiya ya leƙa. Na ji ya kwarma ihu: "Fawul ta! Kowa shi saki!" Ba wanda ya kula shi, an saba da shirmensa. Sai ya yar da tabarau, ya yar da Turancin. "Igiyoyi sun murɗe bisa kainai! Yana rataye tsakiya! Ku saki, ku jeha su ciki!"

Wata tsohuwa ta ƙanƙame tata. "Sabuwa ta, kasuwar Buza anka sawo min!" Ya fizge ya jefa. Sauran suka bi, wasu suna zaginsa.

Sannan ya sheƙo wurina yana haki. "Yaya, maido san baya."

Tunda aka kawo ni gidan bai taɓa ce mini Yaya ba.

"Baya? In maishe shi ƙasa, cikin iskan nan? Ka haukace?"

"Cikin jirgi na ga irin wannan da idona. In igiya ta yi haka, mai ja shi ka kashe mutum. Kowane ja ƙara ɗaure shi yakai. Don Allah, Yaya."

Na dube shi. Ba alamar wasa a fuskarsa. Na kama igiyar hancin bijimin na fara mayar da shi. Wallahi kowane taku ji nake kamar ƙasa nake zuba wa mijina. Zuciyata tana cewa ja, hannuna yana saki. Ina kuka, ina salati, ina tsine wa teku da wanda ya je ta.

Igiya ta yi sako-sako. Aka kira sunan maigidana, shiru. Aka sake kira, shiru. Sai muka ji ɓarin guguna cikin ruwa, sannan ƙarar wasaki. Da igiyarsa ta sassauta, igiyoyin da aka jefa suka zame daga jikinta, nauyin abin da ke ɗaure da su ya ja su ƙasa.

"Yanzu ja, sannu sannu!"

Wannan karon san ya tafi ba tirjiya. Aka fito da maigidana idanu a rufe, duk jiki laka da gashin akuya. Aka kwara masa ruwan jarkar da aka ɗebo daga wani ƙauye. Ya daɗe kwance kafin ya yi tari, ya yi amai. Da ya buɗe ido ya juya, ya ga shatar sanda a gadon bayan bijimin, sai ya ce a hankali, "Wa yab bugam min sa?" Nan na zauna a ƙasa kusa da shi.

Daga ranar ba a ƙara zura igiya ta uku ba matuƙar akwai mutum a cikin rijiyarmu. Ƙanin mijina ya koma kirana matarsa, ni ma na koma ce masa Bature, amma ban ƙara yi wa kalmar nan tasa dariya ba.

Na girma ina ɗauka in kana son mutum, ja kake yi da duk ƙarfinka. Ranar ta koya mini cewa abin da ya sarƙe ba a warware shi da ja, sai an sassauta. Duk wanda ya riƙe igiya a bakin rijiyar nan ba mugu ba ne, kuma cikinsu ba wanda ya kai ni son mutumin da ke ciki. Ni ce kuma na fi kowa ja.