Rahinatu Mai Awon Jini

Kafin masu shara su gama da farfajiyar gidan likita na Gure, Rahinatu ta riga ta buɗe labo, wato ɗakin awon jini, ta goge tebur, ta jera 'yan kwalabenta. Haka na taso na same ta, ga shi bana za ta ajiye aiki. Kai, wa zai riƙa yi mana faɗa?

Awon jini ne aikinta, waɗanda ta fi ji da su kuwa masu ciwon zuciyar nan ne da ke farowa daga maƙogwaro. A wajenmu yaro na kuka da maƙoshi sai a kai shi wanzami ya cire belu, a ce an gama. Ciwon kuwa ya lallaɓa ya sauka gaɓoɓi, daga nan ya ci ƙofofin zuciya.

Rahinatu ba ta miƙo sakamako ta taga. Zaunar da dangi take yi su gani da idonsu.

Ina wurin ranar da Bubakar, makiyayi daga Alakos, ya kawo 'yarsa Balkisu, numfashi da ƙyar, ƙafafu a kumbure. Damina ta faɗi, garke zai yi arewa, uban kuma ya kafe da yarinyar za a tafi.

"Malam Bubakar, zauna nan," in ji Rahinatu. Ta ɗebi jinin Balkisu ta zuba a siririyar kwalba ta tsai da ita. "Na mai lafiya a hankali yake kwanciya. In ya yi saurin sauka, wuta ke ci a jiki, ga irin Balkisu kuwa zuciya ke shan wuyar."

Ya zura ido. Jan ya yi ta zamewa ƙasa, ruwan ya taso sama.

"Subhanallahi! Baiwar Allah, duk wannan a jikinta?"

"A jikinta. Ɓarnar da ciwon ya yi wa ƙofar zuciyar sai lokotoro, babban likita, ya haska a Damagaram. Amma in ka kai ta daji, wa zai yi mata allurar wata-wata mai tsare zuciyar?"

Garke ya tafi da ƙanen Bubakar. Mutumin da bai saba kwana nesa da shanunsa ba ya yi damina cur a Gure.

Ke ce mai faɗa da hannu mai sanyi, Rahinatu, muna kuwa son ki haka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku da za ku gaje ta, kada ku yi wa mutane rowar bayani. Balkisu ba ta warke sarai ba, amma tana nan da ranta, tana tatsa. Ranar kasuwa uban ya ce mini, "Da a baki kawai aka faɗa mini, wallahi da a can arewa na binne ta."