Kwanon Ruwa a Kujerar Baya

Ana sallame sallar asuba muka bar ƙofar gidan maigidana a unguwar Zariya ta Maraɗi, motoci uku a jere kamar masu kai amarya. Ku abokaina direbobi na tasha, da kuka dame ni da tambayar wadda ta fi a cikin ukun, ga labarin. Amma ku sani tun yanzu, ban fito fes a cikinsa ba.

Shekara goma sha tara ke nan ina tuƙa Alhajin nan, ɗan kasuwar hatsi da atamfa. Tsohuwar motarmu ba ta taɓa kwana da mu a hanya ba. Kwatsam ran nan ya ce zai sayi ta alfarma, a wannan marra da ma'aikata ke wata da watanni ba albashi, darajar kuɗinmu sefa ta karye, kowa ya ɗaure bakin aljihunsa. Da farko na ɗauka takarar depite, wato ɗan majalisa, zai tsaya, don yanzu duk wanda ya sayi doguwar mota, gobe ka ga hotonsa a bango. Sai na ji babban ɗansa, wanda ya dawo daga karatu a Faransa, yana yabon mota mai canza giya da kanta, wai ko Baba da kansa ya iya tuƙa ta. Na ce to, ba mota za a canza ba, ni za a canza. Ina da iyali, 'ya'ya bakwai, kuma ban iya komai ba sai riƙe sitiyari.

Wani dillali ne ya kawo motocin daga Kwatano. Akwai baƙa 'yar Jamus mai giyar hannu, injinta na gurnani tun tana tsaye. Akwai ruwan toka 'yar Faransa, ita ce mai sauƙin kuɗi, kayan gyaranta kuma har a Sabon Gari ana samu. Sai fara 'yar Japan, abokiyar gabata, mai canza giya da kanta, wadda kuɗinta ya isa ya sayi gida. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na dafa murfin inji, na ji duk da ɗumi. Na gaya wa dillalin cewa wanda ya ɗumama inji kafin mai saye ya zo yana da abin ɓoyewa. Ya ce to da tura su zai yi daga gareji? Amsar ta yi daidai, shi ya sa ban yarda da ita ba.

Tsarin shi ne zan tuƙa Alhaji zango ɗaya a kowace mota, ɗansa da dillali su biyo mu da sauran biyun. Alhaji ya fito a hankali riƙe da kwanon sha cike taf da ruwa, ya ajiye shi a kujerar baya kusa da shi. Nan take na yanke wa kaina hukunci cewa hannuna ake aunawa.

Da baƙar muka nufi Tibiri. Damina ta kama sosai, gero ya kai ƙugu, hanya babu kowa sai amalanken jakai, kowace bishiya kuma da tutar jam'iyyarta. Gaskiya motar nan tana gudu. Na taka ta kaɗan, sai na ji kamar na koma ɗan shekara ashirin, kafin in gama jin daɗi har mun iso shingen jandarma. Suka ƙame suna sara mana, sun ɗauka minista ne, da suka gane ba shi ba ne sai suka roƙi na shayi. Illarta ɗaya, duk tsagar da ke jikin kwalta sai ta kai wa bayanka rahoto. Na leƙa madubi, ruwan ya zube wajen kashi ɗaya cikin uku, Alhaji ya cije leɓe. Na ce shi ke nan, an rubuta mini laifi na farko.

A Tibiri muka karya da ƙosai da kunu. Ƙwan zabi ya yi araha, uku dala ashirin, amma Alhaji, mutumin da ke cin biyar a zaune, ko kallonsa bai yi ba. Dillalin ya ja ni bayan wata rumfa ya ce in na yabi farar, goro na nan nawa. Wato in haƙa ramina da hannuna kuma a biya ni. Na kuma yi zargin ɗan Alhaji ne ya turo shi don a gwada amanata, sai na ce masa ni ba na cin goro, haƙorana jajaye kuwa suna kallonsa.

Aka sake cika kwano, muka koma ruwan toka, muka ratso Maraɗi za mu Jiratawa. Gari ya farka, 'yan kabu-kabu sun cika titi, masu mai a kwalba sun jera kayansu. A ƙofar asibiti mutane na zaune jugum a kan tabarmi, ma'aikatan suna yajin aiki, Alhaji ya daɗe yana waiwayen wurin. Ita wannan motar ba ta da hayaniya, ba ta shan mai, gudunta daidai misali. Da ni mai kuɗi ne ita zan saya, in rufe ido. Ruwan ma kaɗan ya zube. Amma da muka fita gari sai Alhaji ya sa na tsaya, ya miƙa mini kwanon, ya kwanta a kujerar baya yana ƙoƙarin miƙe ƙafa, ta ƙi miƙuwa. Na ce a raina ikon Allah, mutum zai sayi mota yana auna ta kamar gado.

Jiratawa kore shar, lambuna ko'ina. Muna tsayawa jama'a suka kewaye mu, sun ɗauka 'yan kamfe ne. Wani tsoho ya tambaye ni wace jam'iyya ce, don ya san kirarin da zai yi, wata mata kuma ta ce na bara sun yi alkawarin gishiri har yau shiru. Na ci kwaɗon zogale na dala goma har na kasa cinyewa. Ɗan Alhaji da dillali suka koma gefe suna Faransanci suna dariya. Ban jin Faransanci, amma na tabbatar wa kaina da ni suke.

Sai zangon ƙarshe, da farar. Dole in faɗi gaskiya ko da ba na so: ban taɓa tuƙa abu mai laushi irinta ba. Ba ta kai baƙar zafin gudu ba, amma ba ka jin inji, ba ka jin hanya. Ƙafata ta hagu ta rasa aikin yi, na dube ta na ce haka ni ma zan zama. Ruwan kwano ko motsi bai yi ba. Alhaji ya jingina, can sai na ji numfashinsa ya sauya, barci ya ɗauke shi. Baƙin ciki ya turnuƙe ni, don na san an gama ciniki.

Kafin a shiga gari akwai wani rami kusa da wata tsamiya, na san shi kamar yadda na san ƙofar ɗakina. Na hango shi tun daga nesa. Shaiɗan ya raɗa mini cewa in ruwan nan ya zube, farar ta faɗi jarrabawa. Na saita taya na faɗa ciki. Kwano ya kife, Alhaji ya yi wani irin nishi da ban taɓa ji daga bakin babban mutum ba, ya dafe bayansa, gumi ya keto masa. Ni kuwa don rashin kunya har na ce masa ya gani, wannan ba ta da ƙwari.

Mun iso gida da hantsi. Ya sallami ɗansa da dillali, ya ce in rufe ƙofar mota in zauna. Ya gaya mini cewa zuwanmu Kano na ƙarshe, da ya ce in jira shi a kasuwa, wurin likita ya je. An sami ciwo a ƙashin bayansa, sai ya riƙa komawa sau biyu a wata, ga asibitinmu a rufe. Bai gaya wa kowa ba, ko ɗansa.

"Ba gudu nike nema ba," in ji shi. "Mota nike nema wadda zan kwanta cikinta har Kano. Kuma wa za ya kai ni in ba kai ba? Yaron ga ko hanyar Jibiya bai sani ba."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Alhaji, ka gahwarce ni. Ramin nan da gangan na taka shi."

"Na sani," ya ce. "Shekara uku ramin ga na nan muna bin hanyar, ko ana ruwa ba ka taɓa taka shi ba. Shi ya sa na san motar ba ta da laihi."

Yanzu ya sanar da iyalinsa da abokan kasuwa, shi ya sa bakina ya buɗe. Ga amsarku: mai son gudu ya ɗauki baƙa, mai tausayin aljihunsa ya ɗauki ruwan toka, mu farar muka saya. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne a tambayi mutum me zai yi da mota kafin a zaɓa masa, ni kuwa na yi safiya guda ina zargin kowa, ban tambaya ba. Ran Alhamis za mu Kano. Na sayi matashi biyu na sa a baya, kuma kullum da safe ina cika kwanon nan in zagaya gari da shi ni kaɗai. Bai sake zubewa ba, amma nishin nan har yau yana kunnena.